Wiliyam Hashel, Makaɗin Majami'a Wanda Ya Gano Sabuwar Duniya

Tun zamanin kakannin kakanni mutane sun lura akwai waɗansu taurari biyar waɗanda ba su zama wuri ɗaya. Sauran taurari, kamar su Kaza da 'Ya'yanta, kullum a jere su ke yadda aka san su, amma waɗannan biyar sai su yi ta ratsawa a tsakaninsu, bana suna nan, baɗi suna can. Ɗaya daga cikinsu ita ce Zara, wadda kowane yaro ya sani. Larabawa suna kiransu Utarid, da Zuhura, da Marrih, da Mushtari, da Zuhal. Daga baya masana suka gane duniyoyi ne irin tamu, suna kewaya rana, tamu kuwa ita ce ta shida. Shekaru dubbai lissafin ya tsaya nan, ba wanda ya ƙara ko ɗaya, har 1781. Mutumin da ya ƙara ta bakwai bai taɓa shiga babbar makaranta ba. Makaɗi ne, mai bi da waƙa a wata majami'a ta Ingila, duban taurari kuwa abin sha'awarsa ne kawai, da dare ya kan yi shi a bayan gida in ya taso daga aiki.

An haifi Wiliyam Hashel ran 15 ga Nuwamba, 1738, a birnin Hanoba ta ƙasar Jamus. Turawa suna rubuta sunan Herschel. Ubansa Ishaku ɗan badujala ne a rundunar sarki, yana busa wani abu mai kama da algaita. Talaka ne, amma ya koya wa 'ya'yansa kiɗa da son ilimi. Wiliyam yana da shekara 14 ya shiga badujala tare da uban. A lokacin nan Sarkin Ingila shi ne kuma mai mulkin Hanoba, saboda haka da yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Faransa sai ya ci Hanoba. A 1757 Faransawa suka kori rundunar a wani wuri da a ke kira Hastenbeck. Kafin shekarar ta ƙare Wiliyam ya haye teku zuwa Landan tare da wansa Yakubu, aljihu ba kome.

Ya fara da kwafan takardun kiɗa ana biyansa. Sa'an nan ya yi shekaru yana yawo a arewacin Ingila, bisa doki, daga wannan gari zuwa wancan, yana koyarwa, yana kaɗa goge a gidajen manya, yana kuma tsara kiɗa na kansa. A ƙarshen 1766 aka kira shi garin Bath ya zama mai kaɗa ogan a wata sabuwar majami'a mai kusurwa takwas, wadda a ke kira Octagon. Bath gari ne na maɓuɓɓugar ruwan zafi, inda attajirai su kan zo shan iska da neman lafiya, kowa kuwa yana so 'yarsa ta iya kiɗa. Nan ya samu. Wani mako darasin da ya kan bayar ya fi 30, ban da aikin sujada da koya wa ƙungiyar mawaƙa.

Akwai ƙanwarsa a gida, sunanta Karolina, an haife ta a 1750. Tana shekara 10 wani zazzaɓi mai tsanani ya kama ta, ya tsayad da girmanta, har ta tsufa tsawonta bai wuce ƙafa huɗu da 'yan inci ba. Uwarsu ta ga wannan ba za ta sami miji ba, sai ta mai da ita mai wanki da saƙa, ta hana ta karatu mai zurfi. Bayan rasuwar ubansu, Wiliyam ya tafi Hanoba a 1772, ya yi wa uwar alkawarin kuɗin da za ta ɗauki baranya a madadinta, ya zo da ita Bath. Ya koya mata Turanci, da lissafi, da waƙa. Muryarta ta yi kyau ƙwarai, har a 1778 ita ce ta ja gaba a cikin babbar waƙar nan ta Handel mai suna Almasihu, aka kuma nemi ta je ta yi waƙa a Birmingham. Ta ƙi, gama ba ta so ta yi waƙa sai inda wanta ne ya ke bi da makaɗa. Ba ta sani ba zuciyar wan ta riga ta tashi daga kiɗa.

Ga yadda abin ya faru. Domin ya fahimci asalin sauti, ya karanta littafin wani malami, Robert Smith, a kan lissafin kiɗa. Da ya ji daɗinsa sai ya nemi wani littafin na mutumin, wanda ya ke zancen haske da madubai, a ciki kuwa an bayyana yadda a ke yin madubin hangen nesa. Ya yi hayar wani ƙarami ya duba sama, bai ƙoshi ba. Ya tambayi kuɗin babba, ya ga ya fi ƙarfinsa. To, a 1773 sai ya ce shi zai yi nasa.

Ya kamata mai karatu ya san irin aikin, don ya ga abin da mutumin nan ya ɗora wa kansa. Madubin hangen nesa irin nasa dogon bututu ne, bakinsa a buɗe, a gindinsa akwai faifan ƙarfe mai ɗan zurfi kamar kasko. Hasken tauraro ya kan faɗa cikin bututun, faifan ya tattara shi wuri ɗaya, mai dubawa ya sa ido a wani ƙaramin gilashi ya gani. Iyakar faɗin faifan, iyakar hasken da zai tara, kamar yadda babban baho ya fi ƙoƙo taran ruwan sama. A zamanin nan da jan ƙarfe da kuza a ke zuba faifan, sa'an nan a yi ta gugarsa da hannu har ya yi sheƙi, zurfinsa kuma ya zama daidai ƙwarai. In ya kauce ko da kaurin gashi ne, tauraro sai ya fito a dagule. Wiliyam ya lalata faifai da yawa kafin ya sami na kirki. Gidan duk ya zama maƙera, har ɗakin baƙi masassaƙi ya shiga. Abin zubin kuwa da busasshen kashin doki a ke yinsa, Karolina ce mai dakawa da tankaɗewa. In guga ta kai wani matsayi ba dama a ɗaga hannu, don kada ƙarfen ya huce aikin ya ɓaci. Akwai ranar da ya yi sa'a 16 bai saki faifan ba, ƙanwar tana sa masa abinci a baki.

A watan Maris, 1774, ya buɗe littafin da ya ke rubuta abin da ya gani, ya fara da zoben da ya kewaye Zuhal. Daga nan ya ɗauki wani aiki wanda masu albashi ba su yi ba: ya bi sama duka, tauraro bayan tauraro, yana duban kowane mai ɗan haske, yana neman waɗanda su ke tagwaye. Wani dare a ƙarshen 1779 yana tsaye bakin titi da madubinsa yana duban duwatsun wata, sai wani mai wucewa ya roƙa a bar shi ya leƙa. Ashe likita ne, Wiliyam Watson, mai abokai a cikin manyan masana na Landan. Shi ya buɗe wa makaɗin nan ƙofa wurinsu.

Ran Talata, 13 ga Maris, 1781, tsakanin ƙarfe 10 da 11 na dare, yana lambun bayan gidansa, lamba 19 a titin New King, da madubi mai tsawon ƙafa 7, faɗin faifansa inci 6 da ɗan kai. Sai ya ga wani tauraro da bai yi kama da sauran ba. Tauraro na ainihi, kome ƙarfin madubi, ɗigo ne na haske, gama nisansa ya wuce misali. Wannan kuwa yana da ɗan faɗi, da ya ƙara ƙarfin gilashi sai faɗin ya ƙaru. Bayan kwana huɗu ya koma, ya tarar ya gusa. Ya zaci tauraruwa mai wutsiya ce, haka kuma ya rubuta wa masana. Amma ba wutsiya. Masu lissafi suka yi watanni suna fama, har wani mai suna Lexell, na birnin Fitasbag ta Rasha, ya nuna hanyar abin nan kusan da'ira ce, can bayan Zuhal. Duniya ce. Nisanta da rana ya yi kamar sau 19 na nisan tamu, wato wajen mil miliyan 1,800. Faɗinta ya yi huɗun tamu, tana kuwa ɗaukar shekara 84 kafin ta kewaya rana sau ɗaya. A dare ɗaya iyakar gidan rana da aka sani ta ninka.

Waɗansu suka ce sa'a ce. A ganinmu wannan magana ba ta yi masa adalci ba. Duniyar nan ba a ɓoye ta ke ba, mai kaifin ido yana iya tsinkayarta ba madubi in dare ya yi baƙi sosai. Tun 1690 babban masanin taurari na Sarkin Ingila, Flamsteed, ya gan ta, ya rubuta ta a cikin jerin taurari, waɗansu ma sun yi haka a bayansa. Abin da ya raba Hashel da su biyu ne: madubinsa ya fi nasu kyau, kuma yana bin sama bi da bi, ba tsallake, saboda haka ko ba daren nan ba, lalle wata rana zai iso kanta. Da aka kai madubinsa Greenwich a 1782 aka gwada da na gwamnati, na makaɗin ne ya ci.

Ya raɗa mata suna Tauraron Joj, don girmama Sarki Joj na Uku, wanda shi ma jinin Hanoba ne. Mutanen sauran ƙasashe ba su karɓi sunan ba. Wani Bajamushe, Bode, ya kawo sunan Yuranus, shi ne ya zauna har yau.

Cikin shekarar nan ta 1781 ya so ya zuba faifai mai faɗin ƙafa 3 a ɗakin ƙasa na gidansa. Zubin fari ya tsage. A na biyu tanderun ya fashe, narkakken ƙarfe ya malalo a daɓen dutse, duwatsun suka yi ta fashewa suna tsalle har rufi. Shi da ma'aikatansa da ƙyar suka fita da rai.

A 1782 Sarki ya yanka masa fam 200 a shekara, ya bar kiɗa ya zauna kusa da fadar Windsor, yana nuna wa iyalin sarki taurari in sun so. Kuɗin bai kai abin da ya ke samu a Bath ba, ga shi ya ba shekara 40 baya. Duk da haka ya karɓa, ya riƙa cike gibin da ƙera madubai yana sayarwa. Waƙar Karolina kuwa ta ƙare ke nan, ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda. Suka koma ƙauyen Datchet, wani tsohon gida mai yoyo kusa da kogi, daga baya a 1786 suka zauna a Slough.

Ƙauye ya fi gari ga mai wannan aiki, gama abin da ya ke bukata shi ne duhu. Dukan wanda ya fito daga ɗaki mai fitila ya san da fari ba ya ganin kome, sai ido ya saba. Hashel ya lura idonsa ya kan ɗauki wajen minti 20 kafin ya kai ƙarfinsa, ƙyallin fitila ɗaya kuwa ya isa ya ɓata shi. Don haka ya kan rufe kansa da baƙin mayafi, ba ya ko duban takarda. Daga Oktoba, 1783, ga yadda su kan kwana in sama ta yi garau kuma ba farin wata. Madubi mai ƙafa 20, faifansa wajen inci 18 da rabi, yana fuskantar kudu. Wiliyam yana can bisa dakali a bakin bututun, wani ma'aikaci a ƙasa yana ɗaga shi yana saukarwa kaɗan kaɗan, sama kuma tana wucewa da kanta. Abin da ya gani sai ya yi kira ya faɗa. Karolina tana zaune a ɗaki bakin taga, da agogo da 'yar fitila da littafin taurari, tana rubutawa. Gari ya waye ta kwafe, ta yi lissafin mazaunin kowane abu. Daren da ya fi kyau shi ne na tsakiyar hunturu, har tawada ta kan daskare a cikin kwalba. A daren ƙarshe na 1783 Karolina ta ruga cikin duhu don ta gyara wani abu, ta faɗi bisa ƙugiyar ƙarfe wadda ƙanƙara ta rufe, ta shige mata sama da gwiwa, da aka cire ta sai da tsoka ta bi ƙugiyar. Ta ɗaure ciwon da kanta. Abin da ya kwantar mata da rai shi ne gajimare ya taso daren nan, wan bai yi hasarar kome ba.

Me su ke nema? Akwai waɗansu abubuwa a sama masu kama da ɗan tabon hazo. Kafin su, waɗanda aka rubuta ba su fi 100 da kaɗan ba. Su biyu suka rubuta 1,000 a 1786, suka ƙara 1,000 a 1789, da 500 a 1802. Da fari Wiliyam yana tsammani dukansu tarin taurari ne da nisa ya haɗe haskensu. A 1790 ya ga wani tauraro guda da hazo ya kewaye shi, ya sake ra'ayi, ya ce waɗansu hazo ne na gaske mai haske. Yau an san duka biyu akwai. An kuma sani, tun aikin Hubble a Amurka wajen 1924, da yawa daga cikin tabban nan garuruwan taurari ne masu zaman kansu, kowane da taurari dubban miliyoyi. Hashel ya hango wani abu na wannan, gama ya yi lissafi ya ce hasken waɗansunsu ya yi wajen shekara miliyan 2 a hanya kafin ya iso idonsa.

Ya ƙidaya taurari a wurare 683 na sama, a 1785 ya zana siffar farin zanen nan da ya ratsa sama kamar hayaƙi, ya ce taron taurari ne mai faɗi kamar dutsen niƙa, rana tamu tana ciki. Ya sa ta kusa da tsakiya, nan kuwa bai daidaita ba, gama tana can wajen gefe. Ya nuna rana kanta tafiya ta ke yi. Tagwayen taurarin da ya auna tun yana Bath ya koma musu bayan shekara 20 da wani abu, ya tarar waɗansu suna kewaya juna. A 1787 ya gano watanni biyu na Yuranus.

Sarki ya ba da fam 4,000 aka gina masa madubi mai ƙafa 40, faɗin faifansa ƙafa 4, aka gama a 1789. Tun bututun yana kwance a ƙasa mutane su kan zo su ratsa ta cikinsa. Sarki da kansa ya ja hannun Babban Bishop na Kantabori suka shiga, yana yi masa barkwanci wai zai nuna masa hanyar sama. Shekara 50 ba a yi wanda ya kai shi girma ba, cikin shekarar da aka gama shi kuma Hashel ya ba da labarin sababbin watanni biyu na Zuhal. Amma in za a faɗi gaskiya, sunansa ya fi aikinsa. Nauyi gare shi, juya shi sai da mutane, faifan kuma ya kan dushe da sauri a damshin Ingila, sai an sauke an sake guga. Yawancin aikin kirki da mai ƙafa 20 aka yi shi.

A 1800 ya yi wani gwaji mai sauƙi wanda amfaninsa ya kai na Yuranus. Ya sa hasken rana ya ratsa gilashi mai kusurwa uku, ya rabu launi launi kamar bakan gizo, ya ajiye ma'aunin zafi a kowane launi. Zafi ya yi ta ƙaruwa zuwa wajen ja. Da ya gusa ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin kome, sai zafin ya ƙara hawa. Ashe akwai hasken da ido ba ya gani. Da irin wannan haske wani babban madubi da Turawa suka harba sama a 2009 ya yi aiki har 2013, sunan Hashel kuwa aka sa masa. Ba dukan zatonsa ne ya tsaya ba. Ya gaskata akwai masu rai a wata, har ya rubuta wai rana tana da ƙasa mai sanyi a ƙarƙashin gajimare mai wuta, da mazauna a ciki.

Karolina fa? Wan ya ƙera mata ƙaramin madubi, in ya yi tafiya sai ta duba don kanta. Ran 1 ga Agusta, 1786, ta gano tauraruwa mai wutsiya, kafin ƙarshen 1797 ta gano takwas. A 1787 Sarki ya yanka mata fam 50 a shekara, abin da ba a saba yi wa mace ba a kan aikin ilimi. Amma a 1788 Wiliyam ya auri wata gwauruwa mai dukiya, Maryamu Pitt. Karolina, wadda ta riƙe gidan shekara 16, ta ba da mabuɗai ta koma haya, tana zuwa aiki da dare. Abin ya yi mata zafi. Littattafan da ta rubuta labarin kwanakinta na shekaru goma da suka biyo baya, ita da kanta ta hallaka su. Daga baya suka shirya da matar, ɗan da aka haifa a 1792 kuwa, Yohanna, ya zama abin ƙaunarta.

Wiliyam ya rasu ran 25 ga Agusta, 1822, saura wata uku ya cika 84, wato Yuranus ta kusa komowa inda ta ke ran da aka haife shi. An binne shi a majami'ar Saint Laurence ta Upton, inda aka ɗaura aurensa. Gidan nan na Bath ya zama gidan tarihi, a 1986 kuma wani kumbo na Amurka, Voyager 2, ya wuce kusa da Yuranus ya aiko da hotunanta.

Yohanna ya ɗauki madubi mai ƙafa 20 ya kai shi kusa da Kef Tawun, a Afirka ta Kudu, daga 1834 zuwa 1838, ya bi taurarin kudu waɗanda ba a gani daga Ingila, yadda uban ya bi na arewa. Karolina ta koma Hanoba bayan jana'izar wanta. A can ta zauna ta jera dukan tabban hazo 2,500 bisa ga mazauninsu don ɗan wanta ya yi aiki da su, saboda wannan kuwa ƙungiyar masanan taurari ta Landan ta ba ta lambar zinariya a 1828. Ta rasu ran 9 ga Janairu, 1848, tana da shekara 97.